Mu Shida Muna Son Zaga Duniya, Ta Ina Za Mu Fara?

TAMBAYA: Mu shida ne, abokai tun muna sakandare, huɗu a Karaye, biyu a Rogo. Cikinmu akwai malaman makaranta biyu, da mai shagon magani, da mai sayen hatsi yana kaiwa Dawanau, sauran biyun manoman rake da masara ne. Shekara biyu ke nan muna zuba adashi da niyyar wata rana mu zaga duniya tare, mu fita ta gabas mu dawo ta yamma. Mutane sai dariya suke mana, har wani dattijo ya ce mu fara zaga dam ɗin Challawa tukuna. Mu kuwa da gaske muke. Ta ina za mu fara, me kuma ya kamata mu tanada? Sannan yaya ake yi da salla da azumi a irin wannan tafiya? Daga wani mai bibiyar wannan fili, Karaye.

AMSA: Ni dai ban yi muku dariya ba. Amma kada ku yar da maganar dattijon nan, domin ko gatse ya yi, akwai shawara a cikinta.

Mu fara da abin da ke da sauƙi. Tsawon zagayen duniya ta tsakiyarta kilomita 40,075 ne, kuma a yau sayen hanyar da za a bi a zaga ta ba abin mamaki ba ne. Manyan kamfanonin jiragen sama sun haɗa kai rukuni-rukuni. Akwai Star Alliance da aka kafa a 1997, wadda jiragen Habasha da Masar da Turkiyya suke ciki, akwai kuma oneworld ta 1999, wadda jiragen Katar da Maroko suke ciki. Kowacce tana sayar da tikiti guda na zaga duniya, da sharuɗɗa kusan iri ɗaya: a ƙasar da ka tashi nan za ka dawo, ka nufi gabas ko yamma kada ka juya, ka ƙetare Tekun Atilantika sau ɗaya da Tekun Fasifik sau ɗaya, hawa jirgi kada ya wuce sau 16, kuma ka gama cikin shekara guda. Jirgin Habasha da na Masar suna sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, don haka a kan takarda kuna iya fitowa daga Karaye da hantsi, ku kwana a Adis Ababa ko Alƙahira. Kuɗin tikitin dubban daloli ne ga kowane mutum, kuma ban da masauki da abinci.

Tikiti ba shi ne zai tsayar da ku ba. Koren fasfon da za ku riƙe shi ne. Ƙasashen da ɗan Najeriya zai shiga ba tare da ya nemi biza tun daga gida ba, ba su kai hamsin ba, kuma yawancinsu a Afirka suke, sai 'yan tsibirai a can tsakiyar teku. Mutumin Japan ko Singafo yana da kusan 190. Shi ya sa shawarwarin zaga duniya da kuke karantawa a intanet ba da ku suke ba. Masu rubuta su mutane ne da za su yanke shawara yau, gobe su hau jirgi.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ko ƙasar da ba ta neman biza a wurinku, hanyar zuwa can tana iya nema. Tsibirin Babados yana karɓar ɗan Najeriya ba biza, to amma jiragen da ke zuwa can yawanci ta Landan ko ta Amurka ko Kanada suke bi. Ingila tana neman bizar wucewa daga ɗan Najeriya ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai in yana riƙe da wasu bizoji kamar ta Amurka ko ta Kanada. Ƙasashen Turai 29 da ke cikin yarjejeniyar Shengen su ma sun sa Najeriya a jerin ƙasashen da sai da bizar wucewa ɗan ƙasar zai sauya jirgi a filayensu. Amurka kuwa ba ta da wani abu wai shi ratse ba biza. Duk wanda jirginsa ya taɓa ƙasarta sai ya bi ta hannun jami'an shige da fice. Yanzu ku buɗe taswira ku dubi Tekun Fasifik. Jiragen da ke ƙetare shi yawancinsu a gefe guda Amurka ko Kanada ko Meziko ko Chile suke sauka, a ɗaya gefen kuma Japan ko Koriya ko Sin ko Ostireliya ko Niyu Zilan. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ɗan Najeriya zai shiga haka kawai. A watan Maris na 2025 wata matashiya 'yar Najeriya, Alma Asinobi, ta yi yunƙurin kafa tarihin taka nahiyoyi bakwai cikin lokaci mafi ƙanƙanta. Ta kammala cikin kimanin sa'o'i 71, ba ta kafa tarihin ba, kuma matsalar biza tana gaba-gaba cikin abubuwan da ta koka da su. Ita kaɗai ce fa, da shiri na musamman. Ku shida ne.

Ga kuma cewa biza tana da wa'adi. Ta Shengen ba a neman ta sai saura wata shida ko ƙasa da haka a tafi, kuɗinta yuro 90 ne tun daga watan Yunin 2024, in an hana ka ba a mayar maka, kuma a shekarar 2024 kusan rabin 'yan Najeriya da suka nema an hana su. Amurka tana karɓar dala 185 kuɗin nema, kuma a watan Yulin 2025 ta mayar da yawancin bizojin ziyara na 'yan Najeriya na shiga ɗaya, masu ƙarewa cikin wata uku, daga baya ma ta ƙara tsanantawa. Yawancin ofisoshin jakadanci kuma a ƙasar da kake zaune suke so ka nema, ba a kan hanya ba. Ku yi lissafin da kanku: in zagayen zai buƙaci biza takwas, ku shida, takardun nema 48 ke nan, kuma dole duka su fito, duka su dace da ranakun tikiti. Ɗaya ta faɗi, tafiyar mutum shida ta karkace.

Saboda haka shawarata ita ce ku cire wa ranku cewa zaga duniya fita ɗaya ce. Ku yi ta zango-zango cikin shekaru, kowane zango ku dawo gida, ku bar ƙetare Fasifik ya zama na ƙarshe. Wannan ba rage buri ba ne, haka kakanninmu suka yi doguwar tafiya. Alhazan ƙafa da suka bi ta Barno da Fort Lami, wato Injamena ta yau, da Abeshe da Alfashir har zuwa Sawakin a bakin Bahar Maliya, shekaru suke yi a hanya. Su tsaya su yi noma ko ƙwadago, su tara guzurin zango na gaba. Da yawa a gonakin audugar Jazira suka yi aiki bayan an buɗe su a 1925, wasu ma can suka zauna, jikokinsu suna Sudan har yau. Ita waccan hanya yanzu ba ta biyuwa, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023. Amma dabarar tana nan, kuma ku kun fi su sauƙi, tunda kuna iya dawowa gida tsakanin zango da zango.

Akwai dalili na biyu. Jami'in biza abu ɗaya yake tambayar kansa: wannan mutumin zai koma gida kuwa? Sabon fasfo fari fat ba ya ba shi amsa. Fasfon da ya shiga Ghana ya fita, ya shiga Ruwanda ya fita, ya je Umra ya dawo a kan lokaci, shi ke magana a madadin mai shi. Kowane ƙaramin zango tubali ne na babban.

Kafin komai sai fasfo, kuma kafin fasfo sai ku zauna ku baje takardunku a tabarma. Sunan da ke kan lambar NIN, da na BVN, da na takardar makaranta, da na takardar haihuwa, duk su zama ɗaya harafi da harafi. A wajenmu nan ne ake yawan tuntuɓe. Mutum ɗaya Muhammad ne a nan, Mohammed a can, a wata takarda ya sa sunan mahaifi, a wata ya sa Karaye ko Rogo a ƙarshe, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Gyaran yana cin watanni, don haka yanzu za a fara. Fasfo iri biyu ne: mai shafi 32 na shekara biyar, da mai shafi 64 na shekara goma. Daga 1 ga Satumban 2025 na farko naira 100,000 ne, na biyu 200,000. Ku ɗauki na biyun, domin kowace biza shafi guda take cinyewa, kuma ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata shida. Ku cike ta shafin hukumar shige da fice da kanku, ku biya a can. Sai katin rigakafin cutar shawara, rawayan katin nan da jami'an lafiya na filin jirgi ke bayarwa. Yana fara aiki kwana goma bayan allura, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ku yi allurar da gaske, kada ku sayi kati. Saudiyya kuma tana neman ta sanƙarau.

Yanzu sai adashinku, wanda na yaba da shi, amma yana da ramuka biyu. Na farko, naira kuke tarawa alhali dala za ku kashe. A farkon watan Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Wanda ya tara kuɗin tafiya a naira a wancan tsakanin, kashi biyu cikin uku na guzurinsa ya narke yana kallo. Ajiyar hatsi ma ba tudun-mun-tsira ba ce, abokinku na Dawanau zai ba ku labarin yadda farashin masara ya rikito a 2025. Abin da ya fi shi ne kowane zubi a mayar da wani kaso nasa dala, a ajiye a asusun dala na banki, ba a ƙarƙashin katifa ba, da sa hannun mutum biyu ko uku kafin a cire.

Rami na biyu ya fi ɓuya. Ofishin jakadanci zai nemi kowannenku ya kawo bayanin asusunsa na banki, yawanci na wata shida. Jami'in da ke dubawa bai san adashi ba. In ya ga asusun da ke motsi da dubu talatin, dubu hamsin, kwatsam miliyoyi suka faɗo mako biyu kafin nema, abin da zai ɗauka shi ne aro aka yi don a rufe masa ido, sai ya hana. Malaman makarantar cikinku sun fi kowa sauƙi a nan, duk da wataƙila su ne masu ƙaramin samu, domin albashinsu yana shiga a rubuce kowane wata, kuma suna da takardar izinin hutu da ke nuna akwai aikin da za su koma. Manomin da ke sayar da rake mota-mota ya karɓi kuɗi a hannu, a idon jami'in nan ba shi da komai. Don haka manoman da ɗan kasuwar su fara bi da cinikinsu ta banki tun yanzu, mai shago da mai hatsi su yi wa sana'arsu rajista da hukumar CAC, masu gona su tanadi takardun gonakinsu. Kuma duk ejan da ya ce zai haɗa muku takardun banki ko takardar gayyata ta ƙarya, ku tashi daga wurinsa. In aka kama, haramcin shekaru ne, Ingila har shekara goma take yi, kuma yana bin mutum zuwa wasu ofisoshin.

Inda na fi so mu daɗe shi ne ku kanku, domin tafiyar ƙungiya ba kasafai hanya ke kashe ta ba, 'yan tafiyar ne. Ayarin farko da ya zaga duniya ya tashi daga Sifen a 1519 ƙarƙashin Magellan, da jiragen ruwa biyar da mutum sama da 200. Tun ba su ƙetare Kudancin Amurka ba wasu shugabannin jiragen suka yi masa tawaye, jirgi ɗaya kuma ya sulale ya koma gida da kayan abinci. Shi kansa an kashe shi a Filifin a 1521. Jirgi ɗaya ne ya dawo a 1522, da mutum 18.

Mu Hausawa muna da namu tsarin, kuma ya yi aiki na ɗaruruwan shekaru. Fataken da ke tashi daga ƙasar Kano zuwa Gwanja sayen goro, su bi ta Yawuri ko Busa su ƙetare Kwara, su ratsa Nikki da Jugu da Sansanin Mango har Salaga, ayarinsu yakan kai ɗaruruwan mutane da jakuna, tafiya da dawowa kuma watanni ne masu yawa, wani lokaci shekara. Ba su taɓa fita a matsayin taron abokai da kowa ke da ta cewa daidai da kowa ba. Akwai madugu, wanda maganarsa ce ta ƙarshe, shi ke shiga gaban sarakunan hanya ya daidaita abin da za a biya. Akwai jagaba, mai wucewa gaba ya duba hanya ya nemi wurin sauka. Akwai uban dawaki, mai tattara kuɗin da za a biya daga hannun kowa. Akwai kuma malamin ayari, mai rubutu da lissafi da jan salla. Addini ma ya zo da wannan, domin an karantar da mu cewa ko mutum uku ne suka fita tafiya su naɗa ɗaya shugaba.

Ku raba waɗannan muƙamai tun kuna gida. Madugunku ba lallai ya zama wanda ya fi kuɗi ko ya fi Turanci ba. Ku nemi wanda ya fi haƙuri, wanda in an tsare ku awa huɗu a kan iyaka ba zai ɗaga murya ba, wanda kuma sauran biyar ɗin za su iya bin maganarsa ko ba su so. Jagaba shi ne mai iya waya da intanet, shi zai riƙa bin dokokin biza a shafukan ofisoshin jakadanci, domin suna sauyawa ba sanarwa. Daular Larabawa ta rufe wa 'yan Najeriya ƙofa a 2022, ba ta buɗe ba sai watan Yulin 2024, 'yan kasuwar Kano masu zuwa Dubai sun ji a jikinsu. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubuta abin da aka kashe daban, kuma kowane dare a karanta lissafin ranar a gaban kowa. Wannan ba rashin yarda ba ne. Zargin da ba a furta ba shi ke raba abokai, lissafin fili kuwa ba ya bar masa wurin zama.

Sannan ku rubuta yarjejeniya, ku sa hannu a gaban shaidu biyu, ko da kuna jin nauyin juna. Ku amsa tambayoyin da ba a son yi. In biyar suka samu biza aka hana ɗaya, a tafi a bar shi ko a fasa? In an tafi, me za a mayar masa, kuma a naira ko a dala? In wani ya janye don aure ko rashin lafiyar iyaye, nawa zai ɗauka, yaushe? In wani ya kwanta ciwo a wata ƙasa, wa zai tsaya da shi, kuma daga aljihun wa? In rai ya yi halinsa fa? Kowa ya bar wasiyya, ya biya bashi ko ya rubuta shi, ya bar wa iyali abin da zai ishe su, ya nemi yardar iyaye. Kuɗin tafiyar da aka tsame daga cefanen gida ba guzuri ba ne. Ku ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na abin da kuka tara a matsayin kuɗin ko-ta-kwana da ba a taɓawa, kuma ku sayi inshorar lafiya ta matafiya. A Shengen ma dole ce, wadda za ta iya ɗaukar yuro 30,000.

Akwai tambaya ɗaya da sai kun kulle ƙofa za ku yi ta: a cikinku akwai wanda a ransa ba yawon buɗe ido zai je ba, so yake in an isa Turai ko Saudiyya ya ɓace? Mun san labarin masu zuwa Umra su maƙale. In akwai shi, gara ya faɗa yanzu a sallame shi da kuɗinsa. Wanda ya gudu daga ayari ba kansa kaɗai ya jefa cikin wahala ba, sunayenku tare suke a takardun nema, kuma ku biyar ɗin da kuka dawo ku za ku sha tambaya a neman biza na gaba.

To, ga inda maganar dattijo ta shigo. Zangonku na farko ya zama gwaji, kusa da gida, mai arha. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga kowace ƙasa ya zauna har kwana 90 ba biza. Ku gangara Legas, ku ƙetare ta Seme zuwa Kwatano, ku wuce Lome, ku shiga Ghana ta Aflawo zuwa Ankara. Daga Legas zuwa Ankara bai kai kilomita 500 ba, amma a ciki akwai iyakoki uku, da kuɗi iri uku, naira da sefa da sidi, da Faransanci da Turanci. Duk abin da babbar tafiya za ta gwada ku da shi yana nan a taƙaice: canjin kuɗi, jami'in da ke neman na goro, direban da ya sauya farashi, abincin da ciki bai saba da shi ba, da abokin da ba ya tashi da wuri. Ku tabbata an buga muku hatimin shiga da na fita a kowace iyaka, kada ku yarda ɗan acaba ya zagaya da ku ta bayan gari, domin hatimin nan kuka je nema. Ba za ku yi baƙunta sosai ba. A zangon Kwatano, da Nima a Ankara, da zangon Kumasi, Hausa za ku yi ciniki da ita ku yi salla a bayan limamin da ke wa'azi da ita. In hali ya yi ku haura Tamale ku gangara Salaga, ku ga rijiyoyinta da filin tsohuwar kasuwarta, inda aka sayar da goro, aka kuma sayar da bayi. Ta bakin teku na ce ku bi da gangan. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, kuma ko ba wannan ba, rashin tsaro a Burkina da arewacin Benin bai bar wa baƙo hanyar mota ba.

Lokacin fita ma sai kun yi shawara, domin kalandarku ba ɗaya ba ce. Dogon hutun malaman makaranta a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da manomi ba ya iya juya wa gona baya. In kaka ta wuce mai masara ya samu sarari, mai rake kuma lokacin ne saransa da cinikinsa suke kankama. Mako biyu na hutun ƙarshen shekara shi ne kusan abin da zai haɗa ku duka, kuma ya isa zagayen Ghana. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku cewa fita ta wata shida a jere ba ta dace da rayuwarku ba.

Zango na biyu sai a hau jirgi. Ruwanda ta buɗe wa duk ɗan Afirka ƙofa ba biza tun 2023. Senegal tana cikin ECOWAS, kuma mutanenmu sun daɗe suna zuwa Madina Baye a Kaulaha ziyarar Shehu Ibrahim Inyas ƙungiya-ƙungiya. Ku nemi wanda ya taɓa jagorantar irin wannan tafiya ku sha shayi da shi, zai koya muku abin da babu a intanet. Daga nan sai Umra, a haɗa da Masar. Bayan wannan ne za ku gwada wata ƙasar da ita ma take neman biza tun daga gida, kamar Maroko ko Turkiyya ko Maleshiya. Sai fasfonku ya yi nauyi da hatimai sannan ku tunkari Turai da abin da ke bayanta. Ko a wane mataki, kada ku biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Kaya kuwa, kowa jakarsa, kowa ya ɗaure da hannunsa, ya ƙirga adadin da aka rubuta da sunansa a filin jirgi. Kada ku karɓi saƙon kowa. Ba a manta da wata ɗaliba da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, saboda jakar ƙwaya da wasu suka liƙa wa sunanta, sai a 2019 gaskiya ta fito aka sake ta. Saudiyya da Singafo da Indunusiya hukuncin kisa suke yankewa a kan safarar ƙwaya. Mai shagon maganin cikinku ya fi kowa sanin cewa abin da ake sayarwa a kanta a nan yana iya zama laifi a can, don haka duk maganin da za a ɗauka a haɗa da takardar likita. Goro ba ya shiga Saudiyya, kilishi da dambun nama ba sa shiga Turai. Kuɗin hannu in ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastam.

Batun salla, a mazhabar Malikiyya da muke bi tafiyar da ta kai mil 48, wajen kilomita 80, ana yin ƙasaru a cikinta, a mayar da Azahar da La'asar da Lisha raka'a biyu-biyu, har sai mutum ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya, sannan ya cika. Lokaci kuwa ranar inda kake ake bi, ba agogon Kano ba. Mai tafiya gabas a jirgi yini gajarce masa yake, salloli su riƙa zuwa a kusa da juna. Mai tafiya yamma rana ta ƙi faɗuwa, in yana azumi ya ji jiki. Alƙibla ma juyawa take: a Maleshiya yamma za ku fuskanta, a Amurka arewa maso gabas. A tsakiyar Fasifik kuma akwai layin da kwanan wata ke sauyawa. Wanda ya tashi daga Tokiyo ranar Juma'a da la'asar zai yi awa goma sha biyu da wani abu a sama, ya ga dare ya ga wayewar gari, ya sauka a birnin Meziko ranar Juma'ar nan dai, agogo ma bai kai lokacin da ya tashi ba. Mutanen Magellan da suka bi ta yamma akasin haka suka gani: da suka iso tsibiran Kef Bad lissafinsu ya ce Laraba, mutanen gari suka ce Alhamis. Salloli dai ana yin su ne bisa fitowa da faɗuwar ranar da ido ya gani, ko sunan ranar ya maimaitu. Yadda ake salla a kujerar jirgi da haɗa salloli biyu, wannan ku zauna da malaminku ku karance shi kafin ku tashi, domin akwai tafsili. Matafiyi yana da sauƙin ajiye azumi ya rama, amma tunda ku ke zaɓar ranakunku, ku tsara Ramadan ya same ku a gida ko a zangon Umra, ƙetaren Fasifik kuma ku sa shi a wani watan.